YANAR IDO TA TSUFA: WANE AIKI YA KAMATA A YI MATA?

 Yau maganarmu a kan yanar ido ce, irin wadda ta ke kama mutum in shekaru sun ja, da kuma hanyoyin da a ke bi a kawar da ita. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, tambaya ce wadda mutanenmu na Paki da Ikara da Makarfi da Kudan su ke yawan kawowa ɗakin shan magani. Sai ka ga ɗa ya riƙo wa ubansa sanda, ya zaunar da shi, ya ce, "Malam, mun ji an ce akwai aikin inji, akwai aikin hannu, ga kuma wani baƙo ya sauka bayan kasuwa yana yi da allura, ba sai an je birni ba. Wanne za mu yi wa Baba?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta isa a amsa ta da natsuwa, domin ido ba a sayen wani a kasuwa.

Da fari sai mu san abin da a ke ce wa yana. Mutane da yawa suna tsammani wata fata ce ta ke tsirowa a bisa ido, kamar yanar da kan kwanta bisa kunu in ya huce. Ba haka ba ne. A cikin ido, bayan ɗigon baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan abu garai-garai kamar ruwan sama, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Bari mu kira shi madubin ciki. Yana zaune cikin 'yar jakarsa, siririya ƙwarai. Aikinsa shi ne ya tattara haske ya jefa shi bangon bayan ido, kamar yadda madubin majigi ya ke jefa hoto bisa farin ƙyalle. To, in mutum ya manyanta, wannan madubi ya kan soma gurɓacewa. Da fari mutum ya ga kamar hazo ya sauko alhali ba lokacinsa ba ne. Fitilar mota ta riƙa kashe masa ido da dare. Sannu a hankali ya daina gane fuska sai murya, har ya kai ba ya rarrabe kome sai dare da rana. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ciwon sukari da shan taba su kan gaggauta ta, amma babban dalilinta shekaru ne.

Tun da ya ke cutar tana ciki ne, sai ku gane cewa babu kwalli, babu tozali, babu ruwan ganye, babu maganin ɗigawa na kanti da zai narkar da ita. Duk duniya ba a sami irin wannan magani ba tukuna. Wanda ya sayar maka da kwalba ya ce za ta wanke yana, kuɗinka ya ci.

Ba kuwa ƙaramin al'amari ba ne a ƙasarmu. Tsakanin 2005 zuwa 2007 an zaga Nijeriya duka an duba idon mutum fiye da 13,000 waɗanda suka kai shekara 40 ko suka wuce. Aka tarar wajen 4 cikin kowane 100 makafi ne, kuma cikin makafin nan 43 cikin 100 yana ce ta rufe musu ido. Watau makanta ce wadda aikin da bai kai rabin awa ba zai iya kawarwa.

Yanzu sai mu ɗauki hanyar baƙon bayan kasuwa, domin ita ce ta fi kusa da mu, ita ce kuma ta fi tsufa. Abin da ya ke yi shi ne ya soka allura ko wani tsinke ta gefen farin ido, ya tunkuɗe madubin nan da ya gurɓace, ya faɗa can cikin ƙasan ido. Bai fitar da shi ba, ya dai kau da shi daga bakin ƙofa. Nan take haske ya shiga. Ya ɗaga yatsu ya ce, "Nawa ne nan?" Tsoho ya ce, "Biyu!" Mata su yi guɗa, a biya shi, a ƙara masa da kaza ko akuya. Ban ce ƙarya ya yi ba, lalle a wannan rana tsohon ya ga haske. Amma ku dubi abin da ya rage. Na ɗaya, ido ya zama ba madubi, don haka ko da kome ya tafi daidai, dishi-dishi zai riƙa gani sai in ya sami tabarau mai kauri. Na biyu, madubin da aka jefa ciki ya kan fashe, ido ya ɗauke shi baƙon abu, ya kumbura, ya yi ja, ruwan cikinsa ya hau, ya danne jijiyar gani har ta mutu. Allurar kuma ba a dafa ta ba, ta kan shigar da ƙwayoyin cuta ido ya yi mugunya. Waɗannan abubuwa ba ran nan su ke faruwa ba, sai bayan kwana uku, ko mako biyu, ko wata shida. Kafin nan baƙo ya naɗe tabarmarsa, ba wanda ya san garin da ya nufa.

A cikin binciken nan da na ambata an ƙidaya irin waɗannan idanu. Cikin dukan idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, fiye da 4 cikin 10 soka su aka yi, kuma abin ya fi yawa a nan Arewa da cikin ƙauyuka. Da aka gwada ganinsu, sai aka tarar fiye da 7 cikin 10 na idanun da aka soka a makance su ke. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, idon da ya ke da yana kaɗai, ko ya shekara biyar a rufe, galibi likita zai iya buɗe shi. Idon da aka soka jijiyarsa ta mutu kuwa, ko an kai shi Ingila sai dai a ba da haƙuri.

Kada ku zaci raina gargajiya na ke yi. Sokar ido ba Hausawa kaɗai suka san ta ba, an yi ta a Indiya da Masar da ƙasashen Turai shekaru aru-aru, lokacin da ba wata hanya. Masana na dā ma sun ga aibinta. Wajen shekara 1,000 da suka wuce wani likita mutumin Mausil, Ammar ɗan Ali, wanda ya zauna a Masar, ya ƙera allura mai rami don ya tsotso yana mai taushi ya fitar da ita waje. A 1747 kuma wani likitan Faransa, Jacques Daviel, ya tsaga ido ya zaro madubin ɗungum. Daga nan aikin asibiti ya samo asali, kuma ƙa'idarsa ba ta sake ba har yau: abin da ya lalace a fitar da shi, kada a bar shi ciki.

Dattawa da yawa za su tuna aikin asibiti irin na dā. A kan yi tsaga mai faɗi, wajen milimita 10 zuwa 12, kusan rabin kewayen baƙin ido ke nan, a zaro madubin duk da jakarsa, a ɗinke. Mutum ya kwanta kwanaki, sa'an nan a ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Wannan aiki ya buɗe idon dubban mutane, ba a raina shi. Amma tabarau ɗin nan yana da wahala. Yana ƙara wa kome girma, mutum ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya same ta ba a nan ta ke ba. Ba ya ganin gefe sosai. In kuwa jika ya zauna a kai ya karye, ko ya faɗa rijiya, shi ke nan an koma gidan jiya. Saboda haka yanzu an bar wannan hanya, sai a wurin da jijiyoyin da ke riƙe da madubin suka tsinke, ba yadda za a yi.

Abin da ya sake al'amarin duka shi ne madubin roba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani likita a Ingila, Harold Ridley, ya lura da matuƙan jirgin saman yaƙi waɗanda ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu. Ya ga robar tana zaune lafiya, ido bai ƙi ta ba. A 1949, a asibitin St Thomas na Landan, ya sa wa wata mace madubi na irin robar nan a cikin ido. 'Yan'uwansa likitoci sun daɗe suna sukarsa, amma yau ita ce hanyar duniya. A buɗe gaban 'yar jakar nan, a kwashe abin da ya gurɓace, a bar jakar, a zura sabon madubi a ciki. Ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ba a jin motsinsa, ba a kuma cire shi a wanke. Da shi za a zauna har ƙarshen rai. Dā yana da tsada ƙwarai, sai masu hali. Daga 1992 aka soma ƙera shi da arha a Madurai ta Indiya, bayan haka a Asmara ta Eritiriya da ƙasar Nefal, sa'an nan talaka ya samu.

To, ayyukan da su ke sa madubin roba iri uku ne, bambancinsu kuwa yana wajen girman ƙofar da a ke buɗewa da yadda a ke fitar da yanar. Na farko shi ne mai babbar tsaga da ɗinki. Yana da kyau, har yanzu a kan yi shi in hali ya kama, sai dai ɗinkin ya kan ja gaban ido ya ɗan karkace, warkewa ta ɗauki makonni, wani lokaci sai an koma an cire zare.

Na biyu shi ne aikin ƙaramar tsaga, wanda mutane su ke ce wa na hannu. Likita ya kan haƙa 'yar hanya a cikin kaurin farin ido, faɗinta wajen milimita 6 ko 7, ba ta kai faɗin farcen ɗan yatsa ba. Ba miƙe ya ke hudawa ba, a kwance ya ke bi, kamar ramin gafiya. Ta nan ya ke zamo da yanar ɗungum, ya zura madubi. Da ya gama, ruwan cikin ido da kansa ya ke danne bakin hanyar ya rufe ta, galibi ba a bukatar ɗinki. Kayan aikin 'yan ƙarafa ne da a ke dafawa a sake amfani da su, da madubin likita mai ƙara girma.

Na uku shi ne na inji, wanda likitoci su ke kira fako. Wani likitan Amurka, Charles Kelman, ya fito da shi a 1967, bayan ya ga abin da mai gyaran haƙori ya ke kankare haƙora da shi. Ƙofar ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba. A kan zura wani siririn bututu wanda bakinsa ya ke karkarwa wajen sau 40,000 cikin daƙiƙa ɗaya, ya farfasa yanar, ya tsotse ta. Sa'an nan a naɗe madubi mai taushi kamar tabarma, a tura shi, ya buɗe a ciki. Waɗansu suna kiransa aikin leza, amma ba leza ba ce, karkarwa ce. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Ido ya kan warke da sauri, kuma da ya ke ƙofar ƙarama ce, mutum ya kan ɗan fi gani tangaran ba tare da tabarau ba. Amma injin yana da tsada, yana son wuta wadda ba ta ɗaukewa, kayansa da yawa sau ɗaya a ke amfani da su, in ya lalace kuma mai gyaransa yana nesa. Duk wannan kuɗi a kan majiyyaci ya ke komawa.

To, wanne ya fi tsakanin na hannu da na inji? An gwada, ba a bar abin ga gardama ba. A ƙasar Nefal, inda talakawa su ke zaune cikin duwatsu nesa da asibiti, an ɗauki mutum 108 masu yana da ta kama sosai, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi Likita David Chang na Amurka, gwanin inji, ya yi musu. Rabi kuma Likita Sanduk Ruit, ɗan ƙasar, gwanin ƙaramar tsaga. Aka buga sakamakon a 2007. Bayan wata shida, a kowane ɓangare 98 cikin 100 suna gani da kyau in an daidaita musu tabarau. Aikin hannu ya ɗauki wajen minti 9, na inji ya wuce minti 15. Kayan aikin hannu sun ci wajen dala 15 a kowane ido, na inji wajen dala 70. Gwaje-gwajen da aka yi a Indiya su ma kusan haka suka nuna: inji ya kan ɗan yi gaba wajen gani ba tabarau a makonnin farko, amma a ƙarshe tafiyar ɗaya ce.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman. Mutanenmu ba su zuwa da wuri. Sai yana ta shekara da shekaru, ta yi fari fat ko ta yi ja ta taurare kamar ƙwallon dabino. Irin wannan in za a farfasa ta da inji sai an daɗe ana karkarwa, wannan kuwa ya kan gajiyar da fatar nan mai garai-garai ta gaban ido, ta yi hazo. Aikin hannu kuwa ba ruwansa da taurinta, zamo ta ya ke yi gaba ɗaya. Don haka in likita ya duba Baba ya ce na hannu zai yi masa, kada ku ga kamar an ba ku na talakawa ne. Sau da yawa shi ne ya fi dacewa da idon. Ni a ganina, manomin da zai sayar da gonar rakensa don lalle sai an yi masa da inji, alhali ga gwanin aikin hannu a kusa, bai yi dabara ba. Wanda ya ke da hali, yanarsa kuma ba ta taurare ba, ya yi na inji, ba laifi. Hannun da ya saba ya fi sunan aikin muhimmanci.

Tambayoyin da ya kamata ku yi a asibiti su ne: za a sa madubin roba? An auna idon don a san lambar madubin da ya dace da shi? Yaushe za mu dawo a duba? Awon nan ba ƙaramin abu ba ne, domin idanu ba tsawonsu ɗaya ba, kamar yadda ƙafafu ba takalmi ɗaya su ke shiga ba. In aka sa madubin da bai yi daidai ba, aiki ya yi kyau amma gani ya rage.

Ga wani gargaɗi. Ba kowace makantar tsufa ce yana ba. Akwai hawan jinin ido, wanda ya ke cin jijiya a ɓoye, akwai ɓarnar da ciwon sukari ya ke yi a bayan ido, akwai hakiya wadda ta ke tabo ne a gaban ido. Waɗannan cire yana ba ya maganinsu. Shi ya sa likita ya ke haska fitila ya ga ko ɗigon tsakiyar ido yana tsukewa, ya tambaya ta ina hasken ya ke zuwa, ya auna ƙarfin ruwan ido. In ya ce aiki ba zai yi amfani ba, gaskiya ya faɗa muku. Mai allura kuwa ba ya mai da kowa, duk wanda ya zo da kuɗi sokawa ya ke yi.

Maganar da a ke yi cewa sai yana ta nuna kafin a taɓa ta, ta zamanin tsohon aiki ce. Yanzu ranar da ta hana mutum karatu, ko gane kuɗi a kasuwa, ko tsince tsakuwa cikin shinkafa, ranar ta isa aiki. Barinta ta wuce kima ma yana da hatsari, ta kan kumbura ko ta tsiyaye a ciki, ido ya ɗauki ciwo mai tsanani.

Mu nan Allah ya sa muna tsakanin Zariya da Kano, ba mu da nisa da masu aikin. A Shika akwai sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, wanda ya ke aiki tun 1943, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na Makka. Ku fara zuwa ɗakin shan magani ko babban asibitin Ikara ko na Makarfi a auna jini da sukari, a ba ku takarda. Wani lokaci kuma likitoci su kan fito ƙauyuka su yi aiki kyauta ko da rangwame. In kun ji shela, ku tambaya daga wane asibiti suka zo, kuma ina za a same su bayan sun tafi.

Tsofaffi da yawa tsoro ne ya ke hana su. Wani ya ji an ce ƙwaƙule ido a ke yi a ajiye a faranti, a wanke, a mayar. Ba a fitar da ido daga gurbinsa ko kaɗan. Ba a kuma sa mutum barci, kashe zafin wurin a ke yi da allura a gefen ido ko da maganin ɗigawa, yana kwance yana jin maganar likita. Ido ɗaya a ke yi, a rufe shi, kashegari a buɗe. Ɗayan sai wannan ya warke.

Bayan an dawo gida, sauran aikin yana hannun iyali. A sami mutum ɗaya mai hankali, ya wanke hannu da sabulu, ya riƙa ɗiga maganin a kan lokacin da aka faɗa, kada bakin kwalbar ya taɓa ido. Kada a murza idon, kada a goge shi da bakin zane ko gefen rawani. Kwalli da tozali a ajiye su sai likita ya yarda. Inna ta bar bakin murhu saboda hayaƙi, Baba kuma ya nisanci wurin sussuka da shiƙa da ƙurar hanya, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, na 'yan makonni. In za a iya zaɓen lokaci, bayan an gama kaye amfanin gona ya fi sauƙi, ga kuɗi a hannu, ga hutu. Game da alwala da sujada, ku tambayi likitan kwana nawa za a kiyaye ruwa da sunkuyawa, malamai kuwa sun san sauƙin da aka yi wa majiyyaci.

In ido ya soma ciwo mai tsanani, ko ya ƙara ja, ko ya kama fitar da ruwa mai kauri, ko ganin da aka samu ya soma raguwa, a koma asibitin a ranar, ko da dare ne. Kada a jira ranar da aka rubuta a kati, domin mugunya a cikin ido kwana ɗaya ko biyu ya ishe ta ta gama ɓarna.

Waɗansu kuma bayan shekara ɗaya ko biyu su kan ga hazo ya dawo, su ce yana ta sake tsirowa. Yanar da aka fitar ba ta dawowa. Bayan 'yar jakar nan da aka bari ne ya yi duhu. Wannan a zaune a ke gyara shi, da hasken leza na gaske, cikin 'yan mintoci, ba yanka, ba kwanciya. Tabarau na karatu kuwa yawancin mutane za su bukace shi bayan kowane irin aiki, a kan auna shi in an yi kamar mako shida.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan hawan jinin ido. Ku huta lafiya.